Da me Obama ya ja hankalin Musulmi a jawabin Alƙahira?

Zainab:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan zaure. Taimako nake nema. An ba mu aiki a darasin nazarin magana, kowa ya zaɓi jawabin wani shugaban ƙasa ya feɗe shi, ya nuna hanyoyin da mai jawabin ya bi don ya shawo kan masu sauraronsa. Ni na ɗauki wanda Barack Obama ya yi a Jami'ar Alƙahira ranar 4 ga Yuni, 2009, inda ya ce ya zo neman buɗe sabon babi tsakanin Amurka da Musulmin duniya. Lokacin da aka yi shi ina ƙarama, sai a makon nan na zauna na kalle shi sau biyu, kusan minti 55 ne. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, na karanta abubuwan da suka biyo baya, na san da yawa daga alkawuran ba su cika ba, amma duk da haka ina kallo ina jin zuciyata tana karkata gare shi. Ta ina maganar take shiga? Malaminmu ya ce mu auna da ma'auni uku na Aristotal, masanin falsafar Girka: ƙimar mai magana a idon jama'a, sosa zuciyar mai sauraro, da hujjar da hankali zai kama. Wanne ne ya fi aiki a nan?

Nasiru:
Wa alaikis salam ƙanwata. Ni a wurina romon baka ne daga farko har ƙarshe. Mutum ya yi wa jama'a sallama da Larabci, alhali jiragensa marasa matuƙi suna ruwan wuta a Pakistan, wane nazari kuma za a tsaya yi wa maganarsa?

Anti Rabi:
Haba Nasiru, yarinya ta zo da tambayar ilimi ka rufe mata ƙofa. Ko romon baka ne, ai sanin yadda aka haɗa shi ne zai hana a sake shayar da kai. Ni kai tsaye na kalle shi ranar. Ku tuna daga ina aka fito: shekara takwas na mulkin Bush, yaƙin Afganistan tun 2001, na Iraƙi tun 2003, hotunan kurkukun Abu Ghraib a 2004, ga kurkukun Guwantanamo, ga yaƙin Gaza da aka tsagaita kwana biyu kacal kafin a rantsar da Obama a Janairun 2009. Kunnenmu ya riga ya saba, duk jumlar da aka ambaci Musulunci a cikinta sai kalmar ta'addanci ta biyo baya. Kwatsam sai ga shugaban Amurka ya tsaya ya ce assalamu alaikum, zauren ya kaure da tafi. Ba zan ɓoye muku ba, na yi ƙwalla. Zainab, ki fara aikinki daga nan. Ƙasar da ta daɗe a bushe, ko yayyafi ne sai ta shanye.

Dakta Kabiru:
Zainab, amsata ita ce ma'auni na farko, wanda Girkawa ke kira itos, shi ya ɗauki mafi yawan nauyin jawabin. Ki koma farkonsa, kafin ya shiga jerin matsaloli. Ya fara da yabon masu masauki: Azhar ta fi shekara dubu tana haskaka ilimin Musulunci, Jami'ar Alƙahira ta fi shekara ɗari tana ciyar da Masar gaba. Sannan ya gabatar da kansa. Ya ce shi Kirista ne, amma mahaifinsa ya fito daga dangi a Kenya da ke da Musulmi kaka da kakanni. Ya yi shekaru a Indunusiya yana yaro, yana jin kiran salla da asuba da magariba. Da ya girma ya yi aiki a unguwannin Shikago inda ya ga Musulmi da yawa sun sami mutunci da natsuwa a addininsu.

Ki lura da jerin. Ya fara da cewa shi Kirista ne domin a gida Amurka akwai masu yaɗa cewa Musulmi ne a ɓoye, dole ya toshe wannan ƙofa tukuna. Da ya toshe ta sai ya buɗe guda uku: jini, ƙuruciya, aiki. Ya kuma faɗi cikakken sunansa da Husaini a tsakiya, sunan da 'yan hamayya suka riƙa yi masa gori da shi a yaƙin neman zaɓen 2008. Dutsen da aka jefe shi da shi a can, shi ya ɗauko ya taka ya hau a nan.

Da ya gama gina kansa, sai ya gina ƙasarsa da irin wannan tubalin. Maroko ce ta fara amincewa da Amurka a matsayin ƙasa. Yarjejeniyar Tarabulus ta 1796 ta ce Amurka ba ta gaba da addinin Musulmi ko dokokinsu. Musulmin farko da aka zaɓa majalisar dokokin Amurka ya yi rantsuwa da Alƙur'anin da Thomas Jefferson, ɗaya daga waɗanda suka kafa Amurka, ya ajiye a ɗakin karatunsa. Akwai masallaci a kowace jiha, jimilla a lokacin sun haura 1,200. A ido za ki zata hujjojin hankali ne, tunda shekaru ne da lissafi. Aikinsu na gaskiya shi ne wanke fuska: ku yarda da ni, ku yarda da gidan da na fito. Aristotal da kansa ya ce halin mai magana kusan shi ne mafi ƙarfin abin da ke sa a gaskata shi, musamman a kan al'amarin da babu tabbas a cikinsa.

Malam Habibu:
Allah ya saka da alheri Dakta. Bari in sa baki ta ɓangaren da na fi sani. 'Yata Zainab, wannan ilimi ya daɗe a hannun malamanmu. An fassara littafin Aristotal kan huɗuba zuwa Larabci tun zamanin Abbasiyawa, Farabi ya yi rubutu a kai, Ibn Rushd ma ya taƙaita shi ya yi masa sharhi. Malaman balaga kuma suna da nasu ma'aunin: magana ta dace da abin da halin da ake ciki yake bukata, tare da fasaharta. Kowane wuri da irin maganarsa. Abin da Dakta ya bayyana na buɗewar jawabin, su suna ce masa bara'atul istihlali, wato buɗe magana da abin da zai kama kunne ya kuma nuna inda aka dosa.

Amma ni abin da nake so ki tsaya a kai shi ne ayoyi. Sau uku ya kawo Alƙur'ani, kuma kowace aya an dasa ta ne a inda za ta yi aiki. Ta farko a gabatarwa, ya ce ku ji tsoron Allah ku faɗi gaskiya, ma'anar da ta yi daidai da aya ta 70 a Suratul Ahzab. Me ya biyo bayanta? Ya ce shi ma gaskiya zai faɗa iya ƙoƙarinsa. Ka ga ya nemi izinin faɗin abin da ba za a so ji ba, kuma daga Littafinku ya karɓo izinin. Ta biyu aya ta 32 a Suratul Ma'ida, wanda ya kashe rai ɗaya kamar ya kashe mutane duka, ya ajiye ta a tsakiyar maganar Alƙa'ida. Ta uku aya ta 13 a Suratul Hujurat, mun sanya ku al'ummai da ƙabilu domin ku san juna, da ita ya rufe, ya haɗa ta da zance daga littafin Talmud na Yahudawa da kuma Linjila, albarka ta tabbata ga masu sulhu. Wanda ya shirya wannan ya san aikinsa.

Zainab:
Allah ya gafarta Malam, wannan shi ne iƙtibasi ke nan? In rubuta haka?

Malam Habibu:
A'a 'yata. Iƙtibasi shi ne mutum ya saƙa lafazin Alƙur'ani ko hadisi a cikin maganarsa ba tare da ya ce daga can ya ɗauko ba. Shi kuwa ya fito fili ya ce Alƙur'ani mai tsarki ya ce kaza. Wannan istishhadi ne, kafa shaida. Bambancin yana da amfani a aikinki, domin shi so yake a ga ya ambata, a ji shugaban Amurka ya furta sunan Littafin da girmamawa. Ambaton kansa shi ne rabin saƙon.

Nasiru:
Allah ya gafarta Malam, ai ka kawo ni inda nake so. Ayar Ma'ida wa aka karanta wa ita? Mu. An karanta mana ita don mu tsawata wa masu tada bam. To na yarda, sun cancanci tsawatarwa, kuma su suka fi kashe Musulmi, shi ma ya faɗi haka kuma gaskiya ne. Amma ran da jirgi mara matuƙi ya ɗauka a ƙauyen Waziristan na Pakistan ba rai ba ne? Mutanen Iraƙi da suka mutu tun 2003 fa? Ya ce yaƙin Iraƙi yaƙi ne na ganin dama, ba na dole ba, sai kuma nan take ya ƙara da cewa mutanen Iraƙi sun fi jin daɗi babu Saddam. Ya miƙo da dama ya karɓe da hagu. Ban ji ya karanta wa sojojinsa ayar ba.

Dakta Kabiru:
Nasiru, yanzu ka shigo nazarin da ka ce ba shi da amfani, kuma abin da ka gano shi ne ƙashin bayan jawabin. Miƙo da dama, karɓe da hagu. Tun kafin ya zo kan maganar Iraƙi ya fara wannan. Ya ce yana daga cikin nauyin da ke kansa a matsayin shugaba ya yaƙi mummunan hoton da ake yi wa Musulunci a duk inda ya bayyana. Aka tafa. Kafin tafin ya huce ya ce to haka su ma Musulmi su daina kallon Amurka a matsayin daula mai son kanta kawai. A kan Iran ya amsa cewa Amurka ta sa hannu wajen kifar da zaɓaɓɓiyar gwamnati, yana nufin ta firaminista Musaddaƙ a 1953, abin da ba a saba ji daga bakin shugaba mai ci ba. Jumla ta gaba sai ga garkuwa da Amurkawa bayan juyin juya hali. Hikimar ita ce, wanda ya amsa laifinsa a gabanka ya ɗaure ka, kunya ba za ta bar ka ka ƙi amsa naka ba.

Amma Zainab, idan kina son maki mai kyau, ki wuce nan ki shiga nahawu. Ki tambayi kowace jumla: wa ya aikata, kuma nawa ne? A kan harin 11 ga Satumba, mai aikatawa yana da suna, Alƙa'ida, waɗanda aka kashe suna da adadi, kusan 3,000. A kan kisan ƙare dangin Yahudawa, ga adadi, miliyan 6, ga wuri, sansanin Bukenwald na Jamus da ya ce zai ziyarta washegari, ga yadda aka kashe su dalla-dalla. Sai ki zo kan Falasɗinawa. Ya ce sun fi shekara 60 suna jure zafin rabuwa da muhallinsu. Wa ya raba su da shi? Jumlar ba ta faɗa ba. Ya ce suna jure wulaƙancin yau da kullum da ke tattare da mamaya. Wa ke mamayar? Ba a ambata a nan ba. Mutum nawa suka mutu a Gaza wata biyar kafin ranar? Babu adadi. Amma da ya juyo kan laifin ɓangaren Falasɗinawa sai hoto ya fito sarai: harba roka kan yara suna barci, tada bam kan tsofaffin mata a cikin bas. Wahalar wani ta zo da fuska da lissafi, ta wani kuma ta zo kamar fari ko ambaliya, abin da ya sauko babu mai saukar da shi.

Wannan shi ne wurin da fatos, wato sosa zuciya, yake aiki a ɓoye. Zuciya tana bin hoto. Duk wanda aka zana mata shi take ji wa.

Anti Rabi:
Dakta, Allah ya ƙara basira. Shekaru nawa ina jin wani abu bai zauna mini daidai ba a wannan wurin, ban san sunansa ba sai yau. Amma a yi adalci, ya ce halin da Falasɗinawa ke ciki abu ne da ba za a lamunta ba. Ya kira kalmar mamaya da bakinsa, ya kira ƙasar da sunan Falasɗinu, ya ce Amurka ba ta yarda da halaccin ci gaba da gina matsugunan Yahudawa ba, lokaci ya yi da za a daina. A 2009 wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Istifanus:
Sannunku da muhawara. Ni akwai abin da nake ganin an manta. Kuna magana kamar masu sauraro ɗaya ne. Mutumin yana tsaye a Alƙahira, amma majalisar ƙasarsa tana ji, Isra'ila tana ji, Iran tana shirin zaɓe bayan kwana takwas, sarakunan Larabawa suna ji, shi kansa daga Riyad ya taso bayan ya gana da Sarki Abdallah. Kowace jumla sai ta ratsa kunnuwa biyar ba ta fashe ba. Shi ya sa ya tsaya a tsakiyar Alƙahira ya ce dangantakar Amurka da Isra'ila ba mai yankewa ba ce. Ya san zauren ba zai so ba. Ni ina ganin wannan ma ƙarin ƙima ne gare shi, domin ya ce zai faɗi a fili abin da ake faɗa a bayan ƙofa, kuma ya faɗa. Da ya zo ya yi ta shafa kan mutane kawai, da ba wanda zai ɗauke shi da gaske.

Sannan ya ambaci Kiristocin Kibɗawa na Masar da Maroniyawan Labanan da suna, a ƙasar da batun yake da zafi. Ni wannan wurin ne ya taɓa ni, kamar yadda sallama ta taɓa Anti Rabi. Kowa an ajiye masa nasa a cikin jawabin.

Nasiru:
Ɗan'uwa Istifanus, na ji ka, amma kwatancen da ya yi da baƙaƙen fatar Amurka, lokacin da yake ce wa Falasɗinawa su ajiye makami, fa? Ya ce su ma sun sha bulala da wariya, amma ba tashin hankali ne ya samo musu 'yanci ba. To bautar ta ƙare ne da me? Ba yaƙin basasar 1861 zuwa 1865 ba? Har Afirka ta Kudu ya kawo, alhali jam'iyyar Mandela ta kafa reshen yaƙi a 1961. Wannan hujja ce ko yanke tarihi daidai wuyan riga?

Dakta Kabiru:
Tambaya mai kyau, kuma ta ma'auni na uku ce, logos. Hujja ce ta kwatance, ita kuma ƙarfinta yana ga yadda abubuwan biyu suka yi kama. Ya ɗauki zamanin gwagwarmayar lumana ta shekarun 1950 da 1960 ya bar yaƙin basasa a baya. Amma ka lura da dalilin da ya sa kwatancen ya wuce ba a yi masa ca ba: baƙar fata ne yake faɗa. Da Bush ne ya ce wa Falasɗinawa ku yi koyi da bayi, da zauren ya watse. Ka ga ko hujjar ma a kan ƙimar mai magana ta jingina. Shi ya sa na ce mata itos ne ginshiƙi.

Akwai wani tuntuɓe kuma. Da yake yabon haƙurin zama da juna a tarihin Musulunci, ya ambaci Andalus da Ƙurɗuba a zamanin kotunan binciken aƙida na Sifen. Ƙurɗuba ta fita daga hannun Musulmi tun 1236, kotunan kuwa sai 1478 aka kafa su. Zamani biyu ya haɗa wuri ɗaya. Kusan babu wanda ya damu a zauren, domin yabo ne, shi kuwa yabo ba a cika bincikar lissafinsa ba.

Malam Habibu:
Wannan magana ta ƙarshe ta Dakta ita ce take ba ni tsoro a kanmu. Hadisi ya inganta cewa lallai daga cikin bayani akwai sihiri. Malamai sun yi saɓani, shin yabo ne ko gargaɗi, kuma ina ganin duka biyun ne. Ya ce wayewar duniya tana da bashin Musulunci a kanta, ya lissafo aljabara da kayan gane alƙibla a teku da ilimin magani. Muka ji daɗi. To amma don me za mu ji daɗi har haka don baƙo ya faɗa mana abin da muka riga muka sani? Ciwon da ya tarar ke nan, ƙishirwar a girmama mu, kuma daidai wurin ya sa hannu. Ban ce da mugun nufi ya yi ba, zuciyarsa Allah ne ya sani. Na dai ce mai nazari ya kamata ya san ƙofar da aka shigo masa ta ita.

Zainab:
Na gode ƙwarai iyayena. Ga inda na maƙale yanzu. Shin in kawo abin da ya faru bayan jawabin a cikin aikin, ko in tsaya a kan kalmomin kawai? Wata ƙawata ta ce nazarin magana ba ruwansa da cika alkawari.

Istifanus:
Ina tare da ƙawarki. Jawabi ana auna shi da ranarsa. Ya cimma abin da ya fito nema a ranar? Ya cimma. Ana cikin maganar dimokuraɗiyya wani ya ɗaga murya daga cikin zauren ya ce muna ƙaunarka. Wata huɗu bayan nan aka ba shi lambar Nobel ta zaman lafiya. Abin da majalisa ta hana shi yi daga baya wani darasi ne daban, na siyasa. Kuma shi da kansa ya ce jawabi ɗaya ba zai goge rashin yarda na shekaru ba.

Anti Rabi:
Ni kuwa ban yarda ba, Istifanus. Da waƙa ya rera sai in ce a auna ta da daɗinta. Shugaba ne, kuma ya sa wa'adi da bakinsa. Ya ce ya ba da umarnin a rufe Guwantanamo kafin farkon shekara mai zuwa. Ya sauka a Janairun 2017 akwai mutum 41 a ciki. Ya ce lokaci ya yi da za a daina gina matsugunai. An dakatar da wani ɓangare na wata goma daga Nuwamban 2009, aka ci gaba, kuma a Fabrairun 2011 gwamnatinsa ce ta hau kujerar na-ƙi a Kwamitin Sulhu kan ƙudurin da ke la'antar matsugunan. Sai a Disamban 2016, yana haɗa kayansa, ya bar ƙuduri mai lamba 2334 da ke la'antar matsugunan ya wuce. Ya ce ba ya son sojojinsa su zauna a Afganistan, a Disamban 2009 ya ƙara 30,000. Wanda ya cika shi ne fita daga Iraƙi, sun fita a Disamban 2011 kamar yadda ya faɗa, ko da yake sun koma a 2014. Yarjejeniyar nukiliya da Iran a 2015 ita ma daga wannan jawabin za ka ga tushenta, ban hana shi wannan ba.

Tunda Dakta ya ce duk ginin a kan yarda da mai magana aka ɗora shi, to ai yarda bashi ce. Ya karɓa a hannunmu ranar. Ta yaya za a yi lissafin bashi a bar maganar biya?

Dakta Kabiru:
Ku biyun kowa ya riƙe gefe guda na igiyar. Zainab, ga shawarata. Jikin aikin ki tsaya a kan rubutun da ranar, kamar yadda Istifanus ya ce, kada ki mai da shi tarihin mulkin Obama. Amma akwai hanyar da za ki shigo da damuwar Anti Rabi ba ki fita daga rubutun ba. Ki raba alkawuransa gida biyu: waɗanda ya sa wa rana da waɗanda ya bari a buɗe. Iraƙi ya sa rana. Guwantanamo ya sa rana. Pakistan ya sa kuɗi, dala biliyan 1.5 duk shekara har shekara biyar. Matsugunai fa? Ya ce lokaci ya yi da za a daina, bai ce in ba a daina ba me zai biyo baya. Dimokuraɗiyya fa? Ya yi magana mai daɗi kan gwamnatin da ke mulki da yardar jama'a, ya ce zaɓe kaɗai ba ya isa, amma ko sau ɗaya bai kira sunan Husni Mubarak ba, shugaban Masar na lokacin, mutumin da ya hau mulki tun 1981, wanda ya gana da shi da safiyar ranar. Tun daga kalmomin mai karatu zai iya gane inda aka ɗaura aniya da inda aka yi addu'a kawai.

Nasiru:
Kuma wata ashirin bayan nan matasan Masar suka kawar da Mubarak da kansu, ranar 11 ga Fabrairu, 2011.

Malam Habibu:
Haka ne. Wani abu kuma da za ki duba, 'yata, shi ne kalmar da aka bari. Bai yi amfani da kalmar ta'addanci ba a duk tsawon jawabin, masu tsattsauran ra'ayi masu tada hankali ya riƙa cewa. A balaga barin ambato babi ne mai zaman kansa, kuma wani lokaci ya fi ambato magana. Anti Rabi ta ce kunnenta ya gaji da kalmar. To an sani, shi ya sa aka cire ta.

Anti Rabi:
Maganar mata ma ki taɓa ko da kaɗan. Ya ce bai yarda cewa macen da ta zaɓi rufe kanta ta ragu da komai ba, amma macen da aka hana ilimi an hana ta daidaito. Ya kawo Turkiyya da Pakistan da Bangladesh da Indunusiya a matsayin ƙasashen Musulmi da suka taɓa zaɓen mace ta jagorance su. Nan dai ban ga abin da ya karɓe da hagu ba, ni ya gamsar da ni har yau.

Zainab:
Na dawo. Bayan maganar Dakta na nemo rubutaccen jawabin da fadar shugaban Amurka ta fitar, ashe an sa alama a duk inda aka tafa. Na bi su ɗaya bayan ɗaya. An tafa wa sallama, an tafa wa ayoyi, an tafa wa hijabi, an tafa wa haramta azabtarwa da rufe Guwantanamo, an tafa wa ƙasar Falasɗinu da dakatar da matsugunai. Wurin dangantakar da ba ta yankewa da Yahudawa miliyan 6 kuwa shiru, haka ma inda ya ce dole Falasɗinawa su ajiye makami. Kamar mutanen zauren sun karɓi abin da aka miƙo da dama, da aka zo karɓa da hagu suka naɗe hannu. Dakta, in sa wannan a matsayin shaida cewa dabarar ta yi rabin aiki ne kawai? Ko shirun na iya zama na sauraro?

Dakta Kabiru:
Ki sa, amma ki faɗi yiwuwar biyun, domin ba a tafa wa labarin kisan mutum miliyan 6 ko da an yarda da shi. Shirun da ya fi ƙarfi a matsayin shaida shi ne na wurin ajiye makami. Ki koma bidiyon ki dubi fuskoki a daidai nan, sannan ki turo mini daftarin kafin ki miƙa.